Fulotin da tafasa ta ƙi fitowa a kansa

Shekara uku ke nan da na sayi fuloti biyu a bayan gari, da niyyar gina makarantar ƙananan yara, irin wadda ake haɗa boko da Islamiyya. Dillali ya zagaya da ni, fili a shimfiɗe, ga titi kusa. Takardu lafiya lau, mai unguwa ya sa hannu, na biya. Na tambayi iyaka, na tambayi magada, na tambayi ko ruwa na kwanciya da damina. Abin da ake yi a wurin a da ne kaɗai bai zo mini a rai ba.

Da na kai zanen gini neman izini, aka ce tunda yara ne za su zauna, kuma zan haƙa rijiyar burtsatse, sai duba-gari ya je ya gani ya rubuta rahoto. Raina bai so ba. Na san da dokar 1992 ta tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, amma wannan ai ta masana'antu ce da rukunin gidaje mai faɗin hekta 50, ina ruwanta da fuloti biyu? Na ce a zuciyata hanyar neman na goro ce kawai. Allah ya yafe mini wannan zato.

Dattijon da ya zo ko kallon zanen bai yi ba. Cikin watan Agusta ne, ko'ina kore shar, sai kusurwar gabas da ta yi fayau kamar an share. Ya tsaya a nan, ya ce, "Alhaji, ƙasar da tafasa ta ƙi, akwai magana." Ya sa kara ya tona kaɗan, sai ga ɓaraguzan baƙar roba da wasu ɓaɓɓake masu launin toka. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu. Ɗan mitsitsi, amma da nauyi.

Muka tsallaka gidan da ya fi tsufa a layin, muka sami mai gidan. Na ce, "Baba, me ake yi a filin nan a da?" Ya ce, "Ai masu batir ne, ɗana. Su fasa tsohon batirin mota, su tsiyaye ruwan a ƙasa, su narka dalmar a rabin duro. Sun fi shekara goma a nan."

Gabana ya faɗi, don na tuna Zamfara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gida, ƙurar ta cakuɗe da ƙasar tsakar gida. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta kuma da wari. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jini. Wanda ba ta kashe ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kuma a zanena, wannan kusurwar ce filin wasa.

Aka ɗebi ƙasa daga wurare da dama, sama da ƙasa, aka kai ɗakin gwaji. Sakamakon kusurwar gabas ya zarce abin da aka yarda da shi nesa ba kusa ba, sauran filin da sauƙi.

Maganin shi ne wanda aka yi a ƙauyen Bagega na Zamfara a 2013: a kankare saman ƙasar a kwashe, a zuba mai tsabta. Faɗa ya fi yi sauƙi. Sai an jiƙa wurin kafin a sa shebur don kada ƙura ta tashi. Leburori da takunkumi da takalmin roba, ba a cin abinci a wurin, ba a komawa gida da kayan aiki. Fama na yi da su sosai a kan wannan, musamman takunkumin, wai yana hana su numfashi.

Inda na kusa yin babban kuskure shi ne wajen zubarwa. Direban tifa ya ce in bar masa ƙasar, akwai mai neman ciko a wata unguwa, ba sai na biya kuɗin kwasa ba. Har na ce to. Da daddare na kasa barci, don cikon nan a tsakar gidan wani zai ƙare, shi ma da 'ya'yansa. Washegari na koma wurin duba-gari, ya haɗa ni da jami'an muhalli, suka nuna inda za a binne ta. Na bi tifar da kaina har ramin.

Rijiyar ma sai da ta canja wuri. Aka matsar da ita yamma, da tazarar mita 30 daga sokawe, aka gwada ruwan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a kowace lita, namu bai kai ba. Duk shekara nake sake gwajin.

Aikin ya cinye mini kuɗin ajujuwa biyu da zangon karatu guda. Da na sami dillalin da maganar, murmushi ya yi ya ce, "Ai Alhaji ba ka tambaya ba." Ban iya ce masa komai ba.

Kusurwar gabas yanzu an malale ta da kankare, nan malamai ke ajiye babura. Kwanan baya wata uwa ta ce mini, "Malam, da ka dasa mangwaro a can, ai da yara sun sami inuwa." Na jawo mata kujera, na fara ba ta labarin tafasa.