A Bakin Iyakar Kanada da Amurka

Tun kafin mu fita daga Toronto tutoci suka cika mini ido. A jikin motoci, a barandar gidaje, har a kan hular direban bas, ko'ina jan ganyen nan ne na tutar Kanada a tsakiyar fari. Ƙarshen watan Yuni ne na 2025, ana shirin bikin 1 ga Yuli, ranar da aka haɗa Kanada a 1867. Ɗan baffana da ya daɗe a ƙasar shi ke tuƙi. Na ce, "Yaya, haka suke yi kowace shekara?" Ya ce ina, mutanen nan da kunya suke nuna son ƙasarsu, bana ne aka taɓo su.

Wanda ya taɓo su kowa ya san shi. Donald Trump ya ɗora wa kayan Kanada harajin kashi 25 cikin ɗari, ya riƙa kiran Firayim Minista na lokacin Justin Trudeau "gwamna", ya kuma yi ta nanata cewa gara Kanada ta zama jiha ta 51 ta Amurka. A kantin da muka tsaya sayen guzuri na ga amsar da idona. Wata tsohuwa ta ɗauki kwalin ruwan lemo, ta gyara tabarau, ta juya bayansa ta karanta, ta ga Florida ta Amurka, ta mayar da shi inda yake ba tare da ta ce uffan ba. Ta ɗauki ruwan tufa na gida. An manna ɗan ganyen tuta kusa da farashin kayan da aka yi a Kanada don sauƙaƙa wa irinta. Yaya ya ce gwamnatin lardin Ontario ma ta kwashe barasar Amurka daga shagunanta tun watan Maris. Wannan layin dai ba namu ba ne, labari kawai na ji.

Gangaren ruwan Niyagara ba sai na ɓata baki ba, hoto ya riga ni. Feshin ruwan ya jiƙa mu sharkaf, muka ci tsadar ajiye mota, muka wuce. Abin da ya fi tsaya mini a rai yana can gaba kaɗan, a tudun Queenston. Akwai wata hasumiya mai tsawon mita 56 da aka gina don tunawa da Janar Isaac Brock na Ingila, ƙasar da ke mulkin Kanada a lokacin, wanda aka harbe a wurin ranar 13 ga Oktoba, 1812, lokacin da sojojin Amurka suka ƙetaro kogi da niyyar cin Kanada da yaƙi. Sojojin Ingila da mutanen gari da mayaƙan ƙabilar Mohawk suka kore su. A shekarar da ta biyo baya Amurkawa suka ƙone ginin majalisa a York, wato Toronto ta yau, a 1814 kuma sojojin Ingila suka rama, suka banka wa fadar shugaban Amurka wuta a Washington. A ƙasan tudun akwai gidan Laura Secord, matar da ta taka kimanin kilomita 32 a ƙafa a 1813 don ta tsegunta wa sojojin Ingila harin da ake shirya musu. Wani malamin makaranta da ya kawo 'ya'yansa ya tsaya yana nuna musu ɗaya gaɓar kogin, inda jihar New York take, kusa ƙwarai har ana hango motoci. Na fahimci cewa maganar jiha ta 51 tsohon miki ta fama.

Washegari muka kama babbar hanya mai lamba 401 zuwa Windsor. Gonakin masara da waken suya iya ganinka, sai manyan tireloli bi da bi, kusan duk iyaka suka nufa. Nan ne lissafin ya fara rikicewa. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da Kanada ke fitarwa Amurka yake tafiya. Su mutum miliyan 41 ne, maƙwabcin ya haura miliyan 330, kuma yawancinsu a gefen iyakar suke zaune, iyakar da ta kai kilomita 8,891. Mahaifin Justin, Pierre Trudeau, ya faɗa wa Amurkawa a 1969 cewa zama kusa da su kamar kwana da giwa ne, duk sanyin halinta, motsinta kaɗan sai ya taɓa ka.

A Windsor giwar tana tsallaken kogi, dogayen benayen Detroit suna kallonka. Abin dariya ma, a nan Kanada ce a kudu, Amurka a arewa. Gadar Ambassador ta 1929 da ramin ƙarƙashin kogi na 1930 su ke haɗa garuruwan biyu a lokacin. Sassan mota ɗaya sukan ƙetare sau da yawa kafin a gama haɗa ta, shi ya sa da harajin motoci ya fara aiki a watan Afrilu masana'antar motocin Stellantis da ke garin ta tsayar da aiki na mako biyu. A bakin kogin muka zauna kusa da wata ma'aikaciyar jinya mai ɗan ganyen tuta a maƙale a jakarta. A Windsor take kwana, a wani asibitin Detroit take aiki, ƙanwarta kuma Ba'amurke take aure. Ta ce ta fasa hutun Florida bana, amma gobe da asuba za ta bi ramin nan ta je ta duba marasa lafiyarta. Na tambaye ta ko ba ta ganin tufka da warwara a ciki. Ta ce ita da mutanen Detroit ba ta da rigima, abokan aikinta ma haƙuri suke ba ta. A watan Fabrairu dai, da Connor McDavid ya ci ƙwallon da Kanada ta doke Amurka 3 da 2 a wasan hoki na kan ƙanƙara a Boston, ta ce sai da muryarta ta dishe.

A ganina kishin nasu rabinsa na abin da suka ƙi zama ne. Ka tambayi ɗan Kanada me yake alfahari da shi, zai ce asibiti ba ya tambayarsa kuɗi, bindiga ba ta yi yawa a titi ba, kuma duk wannan da maƙwabci yake aunawa. Ba na ganin laifinsu. Mark Carney, wanda ya gaji Trudeau a kujerar Firayim Minista, shi ma da wannan fushin ya ci zaɓen 28 ga Afrilu.

Da yamma Yaya ya kai ni in ga sabuwar gadar da ake ƙarasawa a lokacin. An sa mata sunan Gordie Howe, ɗan Saskatchewan da ya yi tashensa na hoki a ƙungiyar Detroit. Kanada ce ta ɗauki nauyin kuɗin ginin, za ta fanshe daga kuɗin da masu wucewa za su biya. Yaya ya ce da ina da biza da mun ƙetara mun ci abincin Larabawa a Dearborn, kusa da Detroit. Ba ni da ita, sai muka nemi na Windsor, kuma shawarmar tasu ba laifi.