Ɗigon ido ɗaya ya buɗe, fatarsa ta sauko: a duba kai

Aikin jinya nake yi a Garwa, kuma har yau raina na ɓaci kan wata uwa da aka kawo mana. Fatar idonta ta dama ta rufe, tana ganin abu biyu-biyu, bayan idon na mata ciwo. Kafin ta iso an ɗiga mata maganin ido, an haɗa mata da na zazzaɓi. Babu wanda ya ɗaga fatar ya haska tocila.

Da na ɗaga, baƙin ɗigon tsakiyar idon ya buɗe wajen milimita 6, na hagu 3. Haske bai sa shi tsukewa ba, ƙwayar ta karkata ƙasa da gefen kunne. Sikana, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ta nuna jijiyar jini a gindin ƙwaƙwalwa ta yi ƙulu kamar tsohon tiyub na keke, tana danne jijiyar ƙwaƙwalwa ta uku mai juya ido. Zaren da ke tsuke ɗigon a saman wannan jijiya yake kwance, shi ya sa shi ake fara taɓawa. Idan suga ko hawan jini ne ya shanye jijiyar, galibi ɗigon ba ya canzawa.

Ba kowane bambancin girman ɗigon idanu biyu ne haɗari ba. Kusan mutum 1 cikin 5 haka Allah ya yi shi, tazarar ba ta wuce milimita 1 ba, tsohon hotonsa ma zai nuna. Maganin atropine ko ruwan zaƙami a hannu, idan aka taɓa ido da shi, na buɗe ɗigon ido ɗaya, don haka ina tambaya. Sannan in gwada a haske da duhu: tazarar ta ƙaru a haske, babban ɗigon ne mai matsala.

Amma sabon bambanci tare da saukar fata, wannan ba na kwana ba ne, a nufi asibiti mai sikana a ranar. Ƙulun na iya fashewa cikin kwanaki, da ciwon kai na farat ɗaya, amai da sandarewar wuya, a nan kuma sai a yi kuskure a ce sanƙarau ne. Kada a ba da aspirin ko diclofenac. Kada a ɗiga maganin buɗe ɗigon ido, yana ɓatar da shaidar da likita zai gani. Tocilar waya ta isa, minti ɗaya ne, shi ne aka hana matar nan. Ɗaure ƙulun ko toshe shi aikin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, sau da yawa sai an dangana da Yawunde ko Duwala, don haka dangi su fara haɗa kuɗin hanya tun ana jiran sakamako.