Shekara Uku da Rasuwar Kawu

Yau Juma'a, shekara uku cif da rasuwar Kawu, yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa da rahama. Da aka sauko daga masallaci na wuce maƙabartar Dandolo da ke Goron Dutse na yi masa addu'a, daga nan na nufi gidansa a cikin birni domin in gaida Hajiya.

Zauren yana nan yadda na san shi, sai dai tabarmarsa an naɗe ta an jingine a kusurwa. A kan tabarmar nan dangi suke haɗuwa kowace Juma'a bayan la'asar, ba tare da an aika wa kowa ba, domin duk wanda ba a gani ba ya san gobe da sassafe Kawu zai taka har ƙofar gidansa ya ji ko lafiya. Saɓanin ma'aurata da rigimar gado da kuɗin makarantar marayu, duk a nan ake kashe su, kuma maganar ba ta taɓa ƙetare bakin zauren.

Marini ne a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Hannuwansa sun rine da shuni har gwiwar hannu, babu sabulun da ke fitar da shi. Ina yaro ni nake kai masa abincin rana, in tsuguna a bakin ramin ina kallon yadda yake tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya ɗaga shi iska ta buge shi har koren ya rikiɗe ya zama shuɗi, sannan ya sake tsomawa ba tare da gaggawa ba. Da wannan haƙurin yake bi da mutane.

Hajiya ta tuna mini da abin da ya faru a 1976, lokacin da gwamnati ta kawo ilimin firamare kyauta ga kowa. Kakanmu ya ƙi a sa 'ya'ya mata a boko, Kawu kuwa ya yi ta zarya wurinsa cikin ladabi, yau da gobe, har ya amince aka rubuta sunan mahaifiyata. Ita ce daga baya ta zama malamar makaranta, ta koyar da mu duka.

Abin da ya sosa mini rai shi ne da Hajiya ta ce yanzu gaisuwar dangi ta koma WhatsApp, rabonta da ganinmu a haɗe tun sadakar arba'in. Na ji kunya ƙwarai. Na warware tabarmar na kakkaɓe ƙurarta, na zauna a kai na kira 'ya'yan Kawu biyu da ƙanwata a waya, muka tsayar da Juma'a mai zuwa bayan la'asar. Hajiya ta ce ita za ta dama furar.