Yadda muka ware wa masu buƙata ta musamman wurin fakin a layinmu

Layinmu yana ɓangaren Hotoro a Kano, faɗinsa mita 7 daga bakin wannan lambatu zuwa na wancan, kuma da an idar da sallar Isha'i gefe biyun duk motoci ne har ƙarshe. A tsakiyar layin akwai wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a kan keken guragu. Sau biyu a mako ɗansa ke kai shi gashi asibiti. In sun dawo sai su tarar wata mota ta tare ƙofar gida, a sauke shi can nesa, a turo keken cikin yashi, sannan samari biyu su ciccibe shi su tsallake lambatu. Mu uku muka ɗauki aikin gyara wannan: ni, wanda gini ne sana'ata, da birkila ɗaya, da mai walda.

Kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya sai da muka fahimci matsayin doka. Dokar tarayya ta hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce a ware musu gurbi a wuraren ajiye motoci na jama'a, a sa wa motarsu alama, kuma mai lafiyar da ya yi fakin a gurbin ya biya tarar naira 5,000. To amma wuraren fakin na jama'a ta ambata, layin unguwa kuwa ba ma'aikaci ne ke tsaye a kansa ba. Ko a Ingila, da yawa daga irin wannan gurbi da ake shatawa a ƙofar gidaje roƙo ne kawai ga maƙwabta, kuma duk mai ɗauke da katin shaidar nakasa yana iya tsayawa a ciki, ba mallakin mai gidan ba ne. Haka muka ɗauki namu. Titi na hukuma ne, don haka muka fara da mai unguwa, ya tara masu gidajen layin bayan La'asar aka yi magana, sannan muka rubuta takarda da zanen wurin zuwa hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, muka kai wa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, KAROTA, kwafi. Wanda ya tsallake wannan ya zuba kankare a bakin titi, in aka zo aka fasa bai da bakin magana.

Sai kallon layi. Mako guda muka yi muna leƙawa da asuba, da rana tsaka, da bayan Magariba, da ranar Juma'a, muka kuma tambayi masu gida inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Wurin da muka fara zaɓa, gindin wani darbejiya, muka fasa shi, domin inuwar ce matattarar 'yan adaidaita sahu da rana, kuma jijiyoyin bishiyar sun riga sun ɗaga ƙasa. Muka kauce wa kwanar layi da fiye da mita 10 don kada a toshe wa mai shigowa gani, muka kuma tabbatar maƙwabcin gaba zai iya fito da motarsa daga get ba tare da sai ya yi gaba da baya ba.

Awon da muka bi shi ne wanda ake amfani da shi a Birtaniya ga gurbin da ke kwance a gefen titi: tsawo mita 6.6, faɗi aƙalla mita 2.7. Mutane suka ce ya yi yawa, tunda Corolla ba ta fi mita 4 da rabi da ɗan ɗoriya ba. Ragowar ba ta motar ba ce, ta but ɗin bayanta ce. Sai an buɗe shi, mutum ya tsaya a baya ya sauko da keke, ya ware shi, ya zagayo da shi. In motar baya ta matso har ta kusa taɓa bamba, duk wannan ba ya yiwuwa. Bayan mun cire mita 2.7 daga 7, saura mita 4.3, tankar ruwa ko motar kashe gobara za ta wuce, muddin ba a yi fakin daura da gurbin a ɗaya gefen ba. Wannan sharaɗin sai da maƙwabcin da ke fuskantar gidan ya amince da shi da bakinsa.

Akwai tambayar da ya kamata a yi tun farko: mai nakasar shi ke tuƙi, ko ɗauko shi ake yi? Tun 1972 hannun dama muke bi a Najeriya, sitiyari yana hagu. In mota ta tsaya a gefen dama, fasinjan gaba ta ɓangaren lambatu zai fita, direba kuwa ta ɓangaren titi. Dattijonmu fasinja ne, saboda haka aikinmu duk ya koma kan lambatu. Da shi ke tuƙi, da sai mun nemi faɗin mita 3.6 don ya buɗe ƙofa gaba ɗaya ya jawo kekensa ba tare da babur ya kwashe shi ba, kuma a layi mai mita 7 hakan ba zai samu ba sai dai a juya motar ta fuskanci ɗaya ɓangaren.

Lambatun ne ya ci mana fiye da rabin wahalar. Cikinsa santimita 60 ne, bangonsa bulo mai inci tara. Shawarar farko ita ce a sa murfin ƙarfe na raga, muka ƙi saboda dalili biyu. 'Yan jari-bola ba sa barin irinsa ya shekara, kuma ƙananan tayoyin gaba na keken guragu suna faɗawa duk ramin da ya wuce santimita ɗaya da 'yan kai, keken ya cije nan take, mai shi ya kifo gaba. Zuba silab guda ɗaya mai tsawo ma kuskure ne, don ranar da leda da yashi suka toshe ƙarƙashinsa ba yadda za a yi a yashe sai da guduma. Sai muka zuba murafai shida a gefe, kowanne mita 1 a tsawo, santimita 50 a faɗi, kauri santimita 15, yadda zai hau bangon lambatu da santimita 20 ta kowane gefe. A jere sun rufe mita 3, daidai inda ƙofofin mota biyu ke buɗewa.

Haɗin kankaren ɗaya-biyu-huɗu ne: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi mai kaifi, takwas na tsakuwa. Murafan shida buhu uku suka ci. Rodi mai milimita 12 muka saƙa, tazarar santimita 15, sanda huɗu ta isa har da ɗan saura. A kula ragar rodin ta zauna a ƙasa-ƙasa, a ɗaga ta da 'yan duwatsu kamar santimita 3 daga katako, domin ta ƙasa silab ke tsagewa in nauyi ya hau. Kada a ce ai keke ne kawai zai bi a rage kauri. Ko ba daɗe ko ba jima tayar mota sai ta hau. Kowane murfi ya kai kilo 180, ƙarti huɗu ke ɗaga shi, don haka muka sa masa kunnen rodi biyu a cikin ɗan rami yadda ba za su fito sama su kama taya ba. A hunturu muka yi zubin, iska na busar da kankare tun bai kama ba, sai muka lulluɓe su da buhun algarara ana jiƙawa safe da yamma har kwana bakwai, ba mu bari mota ta kusance su ba sai da suka cika kwana 28.

Gangaren shiga gida ne inda muka yi asara. Dokin ƙofar gidan ya fi saman lambatu tudu da santimita 30, kamar yawancin gidajen da aka ɗaga saboda ruwan damina. Ranar da ban je ba birkila ya zuba gangare irin wanda ake yi wa babur, miƙe daga ƙofa, tsawonsa mita 1.2. Da muka gwada da mutum a keken, tayoyin gaba suka ɗaga sama, mai turawa ya tokare da ƙirji yana nishi.

Birkilan ya ce, "Yallaɓai, ai ko Boxer da buhu biyu tana hawa wannan."

Na ce, "Malam, Boxer inji gare ta. Baba kuwa hannun ɗansa ne injinsa."

Ƙa'idar ita ce kowane santimita ɗaya na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo. Santimita 30 ke nan yana neman mita 3.6, mu kuwa tsakanin bango da lambatu mita 1.8 kawai muke da shi. Muka fasa na farkon, muka kwantar da sabon a jikin bango. A bakin ƙofa muka yi shimfiɗaɗɗen dandamali mita 1.5 kowane gefe, don keke ya tsaya cak a buɗe ƙofa a kuma juya shi, daga nan gangaren ya sauka da faɗin mita 1.2, da ɗan baki mai tudun santimita 10 a gefen waje don kada taya ta zame. Wannan ya sa dole aka rushe rabin dakalin gidan, kuma na ga alamar hakan ya fi yi wa abokan hirar Baba ciwo fiye da kuɗin simintin. Saman kuma ba a goge shi sumul ba. Tun kankaren yana ɗanye aka ja tsintsiyar kwakwa a kansa a gicciye, domin sumul ɗin da birkiloli ke alfahari da shi tarko ne ga mai sanda in ruwan alwala ko na wanki ya zuba.

Ƙasan gurbin kansa kwaltar gefen ta riga ta zaizaye, saura marmara da yashi, kuma fenti ba ya zama a kan wannan. Muka kankare saman ƙasar, muka zuba marmara aka daddaɓe da inji, aka shimfiɗa yashi santimita 4, aka jera intalok mai kaurin santimita 8. Mai santimita 6 na tsakar gida ne, a titi yakan lotsa a layin taya. Gurbin ya kusa murabba'in mita 18, muka sayi na 20 saboda yanka da fashewa. Mun zaɓi intalok a kan kankare ne domin ranar da aka zo haƙa bututun ruwa sai a ɗaga a mayar. Muka karkata shi zuwa lambatu da santimita 5 kacal a faɗin nan na mita 2.7, muka bar ƙananan mashigar ruwa a ƙarshen murafan. In karkatar ta fi haka, keke yakan gangara da kansa a daidai lokacin da mutum ke tsakanin kujerar mota da ta keke, lokacin da ya fi kowane hatsari. Bakin intalok da saman murafai kuma sai da muka ja igiya muka daidaita su, ba tudu ko na kaurin ɗan yatsa.

Fenti ma mun yi shi sau biyu. Na farko fentin mai na ƙofa da taga ne, wata biyu taya ta ɓare shi. Na biyu muka nemo fentin titi na ainihi, muka share wurin tas, muka wanke, muka bar shi ya bushe kwana guda, muka shata da igiya da alli, muka manna tif gefe biyu, layi mai faɗin santimita 10, shafi biyu. Da sassafe ake yi, kafin ƙura ta tashi kuma kafin ƙasa ta yi zafi. Alamar nan ta mai keken guragu, fara a kan shuɗi, kwali muka yanke muka fesa a cikin murabba'i mai mita 1.2 a tsakiya. Ba mu shafe gurbin duka da shuɗi ba, ɓarnar fenti ce kuma yana ƙara santsi.

Alamar ƙasa ba ta ganuwa in mota ta hau kanta ko yashi ya rufe, don haka mai walda ya yi allo a kan fayif mai inci biyu. Ya gicciya guntun rodi a gindinsa kafin a binne shi santimita 60 cikin kankare, yadda ba a zare shi da hannu, allon kuma walda aka yi masa, ba noti ba. Ƙasan allon mita 2.1 daga ƙasa don kada ya fasa wa mai wucewa goshi, musamman makaho. Rubutun da Hausa ne, gajere: wurin masu buƙata ta musamman, don Allah a bar shi. Wani ya kawo shawarar sarƙa da kwaɗo, muka ƙi, don da an sa kwaɗo ya zama garejin mutum ɗaya a kan titin kowa, kuma wani matashi mai shan inna a layin baya yana ajiye babur ɗinsa mai ƙafa uku a nan in ya zo masallaci.

Masu saɓawa yawanci baƙi ne, sai ranar biki ko zaman makoki da ake kafa rumfa a layi. Mai shagon da ke daura da wurin shi ya zama mai tsaronsa ba tare da an naɗa shi ba. Kalmarsa ɗaya ce: "Alhaji, a ɗan matsa gaba, wurin Baba ne." Ba mu taɓa jin wanda ya yi gardama ba. 'Yan ga-ruwa ne suka fi wuya, domin wurin shi ne mafi daidaito a layin, kura ba ta gangarewa a kansa, sai da aka daddaɓe musu wani gefen da ragowar marmara.

Yashi ana share shi duk mako, in ba haka ba tayoyin gaba su nutse. Layin fenti muna sabunta shi a watan Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. Murafan kuma a watan Mayu ake ɗaga su a yashe lambatu, kuma mun rubuta wa kowanne lamba a gefensa daga 1 zuwa 6, don shekarar farko da aka mayar da su a hargitse na huɗu ya riƙa rawa, sai da aka sake ɗaga su duka.