Kiɗan post-punk a fim: abin da mai montaj a Yamai zai ɗauka da abin da zai bari

Wanda ya kalli The Hunger na Tony Scott, fim ɗin 1983, da wuya ya manta farkonsa. Ba wanda ya ce uffan tukuna, sai ganga tana ƙas-ƙas kamar ana ƙwanƙwasa katako, bas, wato gita mai kaurin murya, yana gangarowa a hankali, mawaƙin ƙungiyar Bauhaus na bayan ragar ƙarfe yana rera "Bela Lugosi's Dead". Tun ba ka san sunan kowa ba, jikinka ya ba ka cewa ba lafiya. Irin wannan ne matasa masu haɗa gajerun finafinai a Yamai ke nema idan suka sauke waƙa daga intanet suka manna a montaj, wato wajen yanka da haɗa hotunan fim, kuma sau da yawa sai abin ya ƙi zama.

Kiɗan nan, wato post-punk, ya taso ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, bayan hayaniyar kiɗan punk ta lafa, a hannun ƙungiyoyi irin su: Joy Division a Manchesta, Gang of Four a Lids, Siouxsie and the Banshees a Landan. Sun juya tsarin da aka saba da shi. Bas, wanda aikinsa rakiya ne, shi ya koma jan ragamar waƙa. Gita ta zama siririya mai kaifi, tana shigowa tana ficewa. Ganga kuma tana tafiya kamar inji, ba ado ba kwalliya. Martin Hannett, wanda ya haɗa wa Joy Division faifan Unknown Pleasures a 1979, har raba sautin gangunan yake yi ɗaya-ɗaya don kowace ta tsaya ita kaɗai cikin amsa-kuwwarta. Abin da ya fito shi ne kiɗa mai fili a tsakiya, kuma filin nan ne hoto ke zama a ciki. Kunnen Bahaushe bai kamata ya ji baƙunci ba, domin mai gurmi ma layi ɗaya yake ta juyawa har ya kama zuciya.

Hanya biyu ake bi da shi a fim. Ko dai kiɗan ya tafi tare da hoto, kamar farkon Donnie Darko na 2001, inda yaro ke gangarowa gida a kan keke da sassafe ana kaɗa "The Killing Moon" ta Echo & the Bunnymen: gari lafiya lau, amma kiɗan na cewa akwai abin da ke tafe. Ko kuma ya yi wa hoton gardama, kamar yadda Sofia Coppola ta buɗe Marie Antoinette a 2006 da waƙar Gang of Four mai caccakar rayuwar jin daɗi, a fim ɗin da ke nuna fadar Faransa ta ƙarni na 18. Ta biyun ta fi burge masu sharhi, amma rabin ƙarfinta na cikin baitocin. Ɗan kallo a Harobanda ko a Tawa da ba ya jin Ingilishi, ƙarar gita kawai zai ji, habaicin ya wuce shi. A ganina ta farkon ce tamu.

Sai maganar haƙƙi, wadda ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Kowace waƙa izini biyu gare ta: na wanda ya mallaki rubutunta da karinta, da na kamfanin da ya mallaki faifan da aka naɗa. Samun ɗaya ba ya wadatarwa. Zancen nan da ke yawo cewa sakan 30 kyauta ne, babu shi. YouTube na gane waƙa da kansa, sai ya toshe fim ɗin ko ya karkatar da kuɗin talla ga masu ita. Bukukuwan fim kuma sukan sa ka rattaba hannu cewa kana da izinin duk kiɗan da ke ciki. Wanda jarinsa bai wuce ƴan jikkuna ba, ya bar Joy Division su huta, ya nemi makaɗa ya gina nasa, ya kai shi BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijar, ya yi rajista da sunansa da na makaɗan.

Makaɗan kuwa akwai su. Ƙasar da ta haifi makaɗin gita Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa wanda ya fito a fim ɗin da aka ɗauka a Agadas aka saki a 2015, ba za ta rasa mai gita ba. Wahalar ita ce hana shi abin da ya iya. Makaɗin biki ya saba cika kowane gurbi da yatsunsa, a nan kuwa sai ka ce masa ya buga sau biyu ya ɗaga hannu, ya jira bugu takwas. Zai ga kamar raini ne. A lallaɓa shi.

Fara da sauri. Idan kana ɗaukar hoto 25 a sakan, ka sa kiɗan a kan bugu 125 a minti, domin kowane bugu zai faɗa daidai kan hoto 12, yanka ba zai riƙa zamewa ba. Mai ɗaukar 24 ya zaɓi bugu 120, lissafin ɗaya ne. Bas ya riƙe layi mai sauti uku ko huɗu, kar ya canza. Gita a haɗa ta kai tsaye da akwatin sauti na kwamfuta, a sa mata maimaici, wato amsa-kuwwa, na milisakan 360 idan ana kan 125, a rage shi har ya zama inuwa kawai. Wajen ganga, kalangu bai dace ba, don magana yake yi, zai ja kunne daga hoto. Ƙwarya da aka kife, ana buga ta da zobe ko ɗan sanda, ita ke ba da busasshen ƙas-ƙas ɗin nan. A naɗi minti uku a jere, sannan a fitar da bas daban, gita daban, ƙwarya daban, kowanne a fayil ɗin sauti na WAV mai 48 kHz. Mai montaj da aka ba shi su a cure wuri ɗaya, an ɗaure masa hannu ke nan.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wayar salula. A situdiyo, manyan lasifikoki na girgiza ƙirji, kowa na murna. Fim ya isa WhatsApp, sai bas ya ɓace ɓat, saboda lasifikar waya ba ta iya fitar da abin da ke ƙasa da wajen 200 Hz sosai (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri), alhali igiyar bas mafi kauri tana kan 41 Hz. Kiɗan da bas ne ƙashin bayansa sai ya koma ƙarar kwano. Maganin yana wurin Peter Hook na Joy Division, wanda ke buga bas can sama kusa da cikin gitar, inda sautin ke fita siriri kamar waƙa. Ka sa makaɗinka ya hau sama haka, ka ɗan ƙara masa kaushi.

Amma gyaran nan na zuwa da tasa matsalar. Bas da ya hau sama ya shiga zangon muryar namiji, kuma Hausa harshe ne da ma'ana ke rataye a hawa da saukar murya. Idan jarumi na magana bas na rera nasa karin a ƙarƙashi, kunne sai ya rasa wanda zai bi. Don haka a naɗi bas kashi biyu: mai kari don wuraren da ba magana, da mai sauti ɗaya can ƙasa don ƙarƙashin hira. Gita kuma a cire ta gaba ɗaya idan ana magana, don kaifinta na tsakanin 2 zuwa 4 kHz, daidai inda baƙaƙen magana ke fita. In dole ta zauna, a sauke ƙarar kiɗan da desibel 12 zuwa 15.

Ƙugin wuta ma na nan. Wutarmu 50 Hz ce, kuma gita mai siririn maganaɗisun ɗaukar sauti na kwasar ta, balle idan an tada gurup, wato injin wuta. A kiɗan biki ba a ji, amma a kiɗa mai fili kamar wannan, ƙugin zai zauna a kowane gurbi. A cire cajar kwamfuta a naɗa da batir, a kashe fanka da fitilar neyon, mai gita ya riƙa juyawa a kujera a hankali har a sami kusurwar da ƙugin ya fi raguwa, ya tsaya a nan kar ya motsa.

Idan an gama haɗawa, a tura fim ɗin a waya mafi arha da ke ɗakin, a fita da ita bakin titi lokacin da kabu-kabu ke wucewa, a saurara a rabin ƙara. In layin bas bai fito ba, a koma a ɗaga shi tsakanin 700 Hz da 1 kHz, desibel uku-uku, har sai an iya bin sa da baki.