Kunya Biyu a Dajin Brown County

Tun a wurin ajiye motoci ya kamata jikina ya ba ni. Na isa wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, na tarar da mutum uku suna ɗaure kekunansu a bayan mota za su tafi gida, kekunan fes kamar ba a hau ba. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce na makara. Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Wace irin makara kuma, ga rana ta fito tarwai bayan mako biyu ba mu sa ta a ido ba?

Wata Asabar ce a watan Fabrairu, shekarata ta biyu a Bloomington ta jihar Indiyana. Daga gidana zuwa gandun dajin Brown County tafiyar rabin awa ce a mota. Shi ne mafi girma cikin gandayen shaƙatawa da gwamnatin jihar ke kula da su, kusan eka 16,000 na tuddai da kwaruruka, an buɗe shi tun 1929, kuma hanyoyin keke da ke cikinsa sun haura mil 25. Na biya kuɗin shiga, na kuma yanki takardar izinin hawa ta shekara a kan dala 20, saboda haka a kaina na riga na sauke duk wani haƙƙi. A lokacin ban san cewa hanyoyin nan yawanci 'yan sa-kai ne na ƙungiyar masu keken dutse ta Hoosier suka sassaƙa su da hannu ba, kuma su ke gyara su a ranakun hutunsu.

Farkon hanya cikin inuwa take, ƙasa ta daskare kamar daɓen siminti, keke na gudu son ransa. Ina zagayowa gefen tudun da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi dukansa, sai labari ya sha bamban. Ƙasar ta koma kamar tuwon da bai ji wuta ba. Taya ta fara nutsewa, yumɓu na mannewa yana hawa kan yumɓu, har ya toshe tsakanin tayar baya da jikin keke. Nan ne mai hankali zai juya. Ni kuwa na ce ai ɗan wuri ne, gaba za ta yi kyau, na miƙe tsaye na danna feda da ƙarfina. Inda na ga ruwa ya kwanta a tsakiya sai in ratse ta gefe don kada in ɓata kaya. Haka na yi ta kutsawa kamar minti goma, sai na ji ƙaras. Ɗan ƙarfen da ke riƙe da abin sauya giya ya karye, kaca ta naɗe cikin wayoyin taya. Na sauko na turo keke da ƙafa, na sake bin hanyar da na ɓata, wannan karon har da sawun takalmi.

Mai gyaran keke ya cinye mini kuɗin cefanen mako biyu. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na gani da daddare a Facebook, a shafin da mahaya ke sanar da juna halin da hanyoyi ke ciki. Wani ya sa hoton sawun taya guda ɗaya, mai zurfi, yana tafe yana karkacewa, ga takun ƙafa a gefensa. Ba a kama sunan kowa ba, an dai roƙi jama'a su riƙa fita kafin ƙasa ta narke. Na daɗe ina kallon hoton nan. Sawuna ne, ko a mafarki na gane shi.

Abin da ya yaudare ni shi ne ranar. Mu da muka tashi a Arewa, in rana ta fito to ƙasa za ta bushe, ba mu san wani abu ba bayan wannan. A nan kuwa cikin hunturu, ruwan da ke cikin ƙasa yana zama ƙanƙara da dare, ya kumbura, ya ɗaga ƙasar ya sassauta ta. Da rana ta yi zafi sai saman ya narke alhali ƙarƙashin na nan a daskare, ruwa ba shi da inda zai tsotse, sai ya tsaya a sama ya zama caɓi. Ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba a makon, amma hanyar ta fi ta bayan mamako lalacewa. Mutanen da na tarar suna tafiya sun shigo ne tun da sassafe, sun hau ƙasa tana tauri, sun fice kafin ta saki. Gaskiya ya faɗa, na makara.

Kunyar nan ce ta kai ni ranar aikin gayya a ƙarshen watan Maris. Ban gaya wa kowa dalilin zuwana ba. Wani dattijo mai farin gemu shi ke jagorantar rukuninmu, ya rarraba kayan aiki: shebur, da wani abu mai kai biyu, gefe ɗaya manjagara gefe ɗaya faffaɗar fartanya, wanda suke kira McLeod, da Pulaski, mai gatari a gefe ɗaya da bakin magirbi a ɗayan. Duka biyun daga wurin masu kashe gobarar daji aka aro su. Muka bi hanya a jere, kuma kamar da gangan, wurin da aka kai mu shi ne wurina.

Na zaci zuwa lokacin sawun ya shafe. Ina! Ya bushe yadda na bar shi, ruwan saman da aka yi a tsakani kuma ya same shi a shirye kamar lambatu, ya bi ta cikinsa yana gangarawa, ya ƙara masa zurfi har saiwoyi sun fito. Inda na riƙa ratsewa ta gefen ruwa, waɗanda suka zo bayana sun bi sawuna, siririyar hanyar da bai fi mutum ɗaya ya bi ba ta ninka faɗinta. Wanda ya taɓa ganin yadda ƙaramin sawun amalanke ke zama kwazazzabo a bakin gari cikin damina biyu ko uku zai gane abin da nake kallo. Kuma wannan dajin ya san zaizaya. Manoma sun taɓa sare itatuwan tuddan nan kakaf, ruwa ya wanke ƙasar har noman ya gagara, sai a shekarun 1930 samarin da gwamnatin Amurka ta ɗauka aikin raya dazuka suka sake dasa bishiyoyi don su riƙe ta.

A nan na tafka kuskure na biyu, kuma shi ya fi ba ni haushi, don da alfahari na yi shi. Ni ɗan manomi ne, fartanya ba baƙuwata ba ce. Aka ba ni yanki kamar taku goma sha biyar, na ce yau Turawan nan za su ga aiki. Na cike ramin, na kankare tsakiya, sannan na tattara ragowar ƙasar na jera ta a bakin hanya ta ɓangaren kwari, na daddaɓe ta, ta tashi santal kamar kunyar gero. A tunanina ita za ta tokare hanyar kada ta zube.

Dattijon ya zo ya tsaya, bai ce uffan ba. Ya buɗe gorar ruwansa ya tsiyaya a saman yankina. Muna kallo ruwan ya tafi gefe zai fita, ya ci karo da kunyata, ya juyo ya miƙe tsakar hanya yana gudu. Ya ce, "Ɗana, aikinka ya yi kyau, sai dai ka gina wa ruwa gida. Rushe ta."

Duk rayuwata abin da na koya shi ne yadda ake tare ruwa a gona ya kwanta ya shiga ƙasa. Aikin hanyar daji kishiyar wannan ne, korar ruwa ake yi, kuma tun bai tara ƙarfi ba. Ana ɗan karkata fuskar hanyar zuwa ɓangaren kwari, kamar kashi 5 cikin 100, abin da ido da kyar yake gani, don ruwa ya tsallake ta a baje ya wuce abinsa. Ƙasar da tayoyi ke turawa gefe a hankali ita kanta tana zama kunya, kuma rabin aikinmu na ranar kwashe irinta ne, ni kuwa na zo na ƙara sabuwa. Ƙasar da aka kwashe can ƙasan gangare ake watsa ta, a rufe da busasshen ganye. Ya kuma nuna mini abin da na sha hawa ban lura ba: hanyar ba ta taɓa miƙewa tana gangara na dogon lokaci, kowane ɗan taƙi sai ta ɗan hau kafin ta sake sauka. Ni na ɗauka don daɗin hawa aka yi haka, ashe kowane ɗan kwari ƙofa ce da ruwa zai fita. Ko tun wajen zana hanya suna da ƙa'ida, gangarenta ba zai wuce rabin gangaren tudun da take ratsawa ba, in ya wuce ruwa zai bar tudu ya bi hanya.

Mu shida muka yi awa huɗu kan abin da na ɓata a minti goma. Da muka zauna cin abinci na kasa daurewa, na gaya wa dattijon cewa sawun nawa ne. Ya ci gaba da tauna burodinsa, ya nuna ƙafata da haɓa, ya ce tun da safe ya ga zanen ƙasan takalmina.

Yanzu daga Disamba zuwa Maris ba na duba ko akwai rana, awon sanyi nake dubawa. In dare ya kwana ƙasa da sifili, ina sallame Asuba nake kama hanya, in kuma awon ya hau ya doshi sifili na riga na fice daga dajin. In na waiga na ga taya ta bar shaida, to na juya ke nan, ko da yanzu na sauke keke daga mota. In na riski ruwa a kwance, ta tsakiyarsa nake bi, wando ya ɓaci a wanke. Na daina danne birkin baya ina jan taya a gangare, don shi ma garma ce. In iska ta kayar da bishiya a hanya ina ɗaga keke in tsallake, in sanar da masu kula, ba na buɗe sabuwar hanya ta gefe. Abin da har yanzu ke tafasa mini zuciya shi ne in ga wani ya sa hotonsa ya yi kaca-kaca da laka yana taƙama. Sai in fara rubuta masa magana mai zafi, in tuna hoton waccan Asabar, in goge.

Da na ba Baba labarin a waya, batun keke bai shiga kansa ba sam, a ganinsa mutum mai mota ba shi da dalilin wahalar da kansa a daji. Amma da na zo kan kunyar da aka sa na rushe, sai ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko dai mutanen nan ba sa son ruwa ne. Na ce suna da shi har ya yi musu yawa. Ya ce to Allah ya kawo mana ragowar, ya miƙa wa Inna wayar.