Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sawun da Kawu Ya Ƙi

A makon jiya na tsaya inda mahaifiyata ta ɗauke ni daga Garwa ta kai ni hannun yayanta a wajejen Cholire, a arewacin Kamaru. Kawu tsohon maharbi ne da ya rataye bindiga, ya koma bin sawu yana nuna wa masu gadin daji hanya. Tsakanin gandun Binuwai da na Buba Njida babu kwarin da bai sani ba.

Ni dai ban taɓa ganin karkanda da idona ba. A bakin Kawu na san ta. Da dare sai ya shafe ƙasa da tafin hannu, ya zana min sawunta mai yatsu uku, na tsakiya ya fi faɗi. Ya ce reshen ƙaya take ci, tana datse shi a karkace sai ka ce da wuƙa aka yanka. Wuri ɗaya take komawa ta yi kashi, ta watsa shi da ƙafafun baya. Ciki kuwa wajen wata 15 take ɗauka, ta haifi ɗa ɗaya tal. To dabbar da ke haihuwa haka, ina za ta iya da harsashi?

Duk saboda ƙaho ne. A Yaman ana yin ƙotar wuƙa da shi, a Sin da Biyetnam ana niƙa shi a sha da sunan magani, alhali abin da ke cikinsa shi ne ke cikin farcenmu da gashinmu. Tun 1977 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma farautar ba ta tsaya ba. Zuwa 2000 ana ƙiyasin baƙar karkanda ta yammacin Afirka saura kamar 10, duk a dajinmu, babu irinsu ko'ina a duniya.

Da ranin 2006, lokacin da masana ke karaɗe dajin suna nema, labari ya zo cewa an ga sawu a bakin wani rafi. Kawu bai jira gari ya waye ba. Na goya shi a keke har inda hanya ta ƙare, muka taka sauran. Ga sawu nan raɗau a kan laka. Murna ta kama ni har na fara tsalle.

Kawu ya durƙusa, ya daɗe bai ce uffan ba. Ya auna tazarar da sandarsa, ya duba ƙayoyin gefe, ya zagaya yana neman kashi.

"Kawu, ba ita ba ce?"

"Ɗana, dubi nan. Duk ƙafa ɗaya ce. Kuma ba ta ci ko ganye ba. Hannun mutum ne ya buga wannan."

Daga baya masanan ma sun gano haka, cewa wasu na ƙirƙirar sawun don kada aikin nema ya ƙare, abincinsu ya yanke. Har yau na kasa zaginsu, na san yunwar ƙauyukan nan, amma abin ya ƙona min rai. A 2011 aka sanar a hukumance cewa baƙar karkanda ta yammacin Afirka ta ƙare.

Kawu ya rasu kafin 2018, shekarar da aka kawo baƙar karkanda guda 6 na wani irin daban daga Afirka ta Kudu zuwa gandun Zakuma a Chadi, 4 suka mutu cikin 'yan watanni. Ranar nan a bakin rafi, kafin mu tashi, sai da ya sa ƙafa ya goge sawun ɗaya bayan ɗaya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin komawata Garwa da yadda na fara aikin mota.